Hoton ƙwaƙwalwa ya fito lafiya, amma jikin Baba kullum baya yake yi: mu sake ɗaukar wani?

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni 'yarki ce daga Aboabo, a nan Kumasi. Mahaifinmu tela ne, shekarunsa 58. Bara, bayan babbar salla, ya fara kukan almakashi na kuɓuce masa, allura ma ba ta riƙuwa. Muka ɗauka gajiyar ɗinkin salla ce. Sannu a hankali naman da ke tsakanin babban yatsansa da manuni ya zube, tsokar damtsensa ta riƙa rawa ita kaɗai. An yi masa hoton ƙwaƙwalwa na MRI, takarda ta fito cewa ba a ga komai ba. Bayan wasu gwaje-gwaje likita ya ce ciwon jijiyoyin motsi ne, MND, kuma ba ya warkewa. Yanzu hannun hagu ma ya kama, yana jan ƙafa, wani lokaci ruwa na ƙware shi. Gwaggonmu ta ce tunda na'urar Bature ba ta ga komai ba, to ba ciwon asibiti ba ne, jifa ne, a kai shi wurin masu magani. Yayanmu da ke Italiya ya aiko da kuɗi, ya ce a je Akra a sake hoto a babbar na'ura don a ga inda ciwon ya kai da lokacin da ya rage. Baba kuwa har yau ba mu faɗa masa abin da likita ya ce ba. Ni ce ke jinyarsa, kuma kaina ya ɗaure. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba sauƙi, ya saka miki da alherin wannan jinya. Zan ba ki amsar kai tsaye, daga baya in kawo dalili. Idan manufar sabon hoton ita ce a ga inda ciwon ya kai, ko a san lokacin da ya rage, kada ku kashe kuɗin Yayanku a kansa. Hoto ba zai gaya muku ko ɗaya daga cikin biyun ba, ko a Akra aka ɗauke shi ko a Jamus. Jikin Baba da kansa ne ke ba da wannan labari, ta numfashinsa da haɗiyarsa da nauyinsa, kuma can ya kamata kuɗin ya tafi.

Bari mu fara da maganar Gwaggo, don ita ce za ta fi wahalar da ke a cikin gida. Ba mugunta ce ta sa ta faɗi haka ba. Tana kallon ɗan'uwanta yana narkewa, takarda kuma ta ce lafiya lau, dole zuciya ta nemi wani bayani. Abin da ba a fayyace muku ba shi ne, a wannan ciwo dama haka hoton yake fitowa ga yawancin masu shi. Likita bai tura Baba hoto don ya ga MND ba. Ya tura shi ne don ya tabbata ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, ba ƙari a ƙwaƙwalwa ba ne, ba wani abu ne ya danne laka ba. Waɗannan su ne hoto ke kamawa. Da aka duba babu su, sai zargi ya ƙara ƙarfi a kan ciwon jijiyoyin motsi. Wato takardar da Gwaggo ke kafa hujja da ita, tana cikin hujjojin da likita ya dogara da su.

Ga yadda abin yake. Kafin yatsa ya motsa, umarni na tasowa daga wasu ƙwayoyin jijiya a saman ƙwaƙwalwa, ya gangara ta cikin laka, ya isa wasu ƙwayoyin na biyu da ke zaune a cikin lakar, su kuma su miƙa shi ga tsoka. MND waɗannan ƙwayoyi biyu yake kashewa, ɗaya bayan ɗaya. Ƙanana ne ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu. Ƙwayoyin na biyu da ke riƙe da hannun Baba ma ba a cikin kai suke ba, a lakar wuya suke, hoton kai ba ya kaiwa gare su. Ki ɗauki hoton gidanku da rana tsaka: bango zai fito, waya za ta fito, amma hoton ba zai gaya miki ko akwai wuta a cikin wayar ba. Tsokar da umarni ya daina isa gare ta sai ta fara rawa, ta yi rauni, ta zube. Abin da kika gani ke nan a gindin babban yatsansa. Ciwo ne sananne. Wani likita a Faransa, Jean-Martin Charcot, ya bayyana shi tun 1869, kuma nau'insa da ya fi yawa shi ake kira ALS.

Yayanku ma yana da gaskiyarsa. Mai yiwuwa ya karanta cewa masana na bin sawun wannan ciwo da hoton ƙwaƙwalwa, kuma haka ne. Akwai salon MRI da ake kira DTI, wanda ke auna yadda ruwa ke tafiya a cikin zaren jijiyoyi. Inda zaren ya lalace, tafiyar ruwan na sauyawa. Da shi an nuna cewa babbar hanyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa zuwa laka tana lalacewa a masu ALS. An kuma nuna cewa ɓawon ƙwaƙwalwa na wajen motsi yana sirancewa, wani lokaci ma sinadarin ƙarfe na taruwa a wurin har ya fito kamar baƙin layi. A 2013 masu binciken ƙwaƙwalen mamata suka tsara yaɗuwar wani gurɓataccen furotin mai suna TDP-43 zuwa matakai 4, a 2014 kuma masana a jami'ar Ulm ta Jamus suka nuna ana iya ganin alamar waɗannan matakai a hoton rayayyu. Aiki ne mai daraja, kuma da irinsa ake fatan gane ko sabon magani na aiki. Sai dai ki lura da yadda ake yin sa: ana tara hotunan marasa lafiya masu yawa, a jera su da na masu lafiya, kwamfuta ta yi lissafi ta fitar da bambanci tsakanin jama'a da jama'a. In aka ware mutum ɗaya, bambancin kan yi ƙanƙanta har ya ɓace. Shi ya sa ko a manyan asibitocin Turai ba a maimaita MRI don a san saurin ciwon mutum guda, kuma babu likitan kirki da zai kalli hoto ya ce saura wata kaza.

Akwai kuma wahalar da ba a lissafawa. MRI na buƙatar mutum ya kwanta rigingine ba motsi, rabin awa ko fiye. Ga wanda tsokar numfashinsa ta fara rauni, ko yawu ke taruwa masa a maƙogwaro, wannan kwanciya azaba ce. Ki haɗa da zaman mota daga Kumasi zuwa Akra da dawowa.

Duk da haka akwai inda zan ce a yi hoto. Ki ɗauko takardun Baba ki duba, ko ki tambayi likita: an ɗauki hoton wuya, ko na kai kaɗai aka yi? Ƙashin wuya da ya tsufa ya danne laka yana iya kwaikwayon wannan ciwo, musamman ga wanda ya shekara talatin a sunkuye kan keken ɗinki, kuma shi ana iya yi masa aiki. In ba a yi na wuya ba, a yi. Ki kuma tambaya ko an yi gwajin EMG, wanda ake soka siririyar allura a tsoka a saurari wutar da ke cikinta, tare da gwajin gudun saƙo a jijiya. Wannan ya fi hoto nauyi wajen tabbatar da MND, kuma shi ke tona wani ciwon jijiya mai kama da shi da ake iya magancewa da ƙarin ruwa na musamman. Gwajin jini ma na da wurinsa: sinadarin B12, aikin ƙullin maƙogwaro da ake kira thyroid, HIV, da ƙwayar HTLV-1 da ake samu a Afirka ta Yamma, wadda ke sandarar da ƙafafu. In wanda ya ga Baba ba ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba ne, ku nemi takardar turawa zuwa gare su. Akwai su nan asibitin Komfo Anokye, akwai su a asibitin Korle Bu da ke Akra. Sannan in wata rana kika ga abin da ba halin wannan ciwo ba ne, kamar jiki ya daina jin taɓawa, fitsari ya ƙi riƙuwa, gani ya rabu biyu, farfaɗiya, ko rauni ya faɗo masa dare ɗaya, to sai a koma asibiti da gaggawa, a nan sabon hoto na da amfani. MND a mafi yawan lokuta ba ya taɓa ji, ba ya taɓa gani, ba ya taɓa mafitsara.

To da me ake auna tafiyar ciwon? Da tambayoyi. Likitoci a duniya na amfani da wani ma'auni mai suna ALSFRS-R, tambayoyi 12, kowace da maki daga 0 zuwa 4, jimla 48. Ana tambayar magana, yawu, haɗiya, rubutu, sarrafa abinci da hannu, sa tufafi da wanka, juyawa a gado, tafiya, hawan bene, sai tambayoyi uku a kan numfashi. A matsakaici mutum kan rasa kusan maki ɗaya a wata, amma wani ya fi haka sauri, wani kuma sai a yi watanni ba a ga sauyi ba. Ke da ke tare da shi safe da yamma kin fi kowace na'ura sanin amsoshin nan. Ki sayi ƙaramin littafi. Farkon kowane wata ki rubuta abin da yake iya yi da kansa da abin da ya koma sai an taya shi, ki ɗora shi a sikeli ki rubuta nauyi. Ki tafi da littafin duk ranar ganin likita, ki kuma roƙa a riƙa auna ƙarfin numfashinsa da bututun hurawa kamar kowane wata uku.

Maganar lokacin da ya rage kuwa, ba zan ɓoye miki ba. Yawancin masu wannan ciwo kan rayu shekara 2 zuwa 5 daga fara alamu. Kusan ɗaya cikin goma kan wuce shekara 10. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, an gano nasa a 1963 yana da shekara 21, bai rasu ba sai 2018, amma irinsa ba su da yawa, kuma ba zan sa ki gina buri a kansa ba. Waɗannan alƙaluma na taron jama'a ne. Ajalin Baba yana wurin Allah. Abin da ke hannunku shi ne yadda zai yi kwanakin, kuma a nan akwai aiki mai yawa.

Numfashi shi ne kan gaba, don ta nan wannan ciwo ya fi yin kisa. Raunin kan fara bayyana da dare. Ki sa ido: yana tashi da ciwon kai da asuba? Yana gyangyaɗi da rana fiye da da? Ya fara ƙin kwanciya sai an tara masa filo? Tarinsa ya rasa ƙarfi? Muryarsa na yankewa kafin ya kai ƙarshen aya? Ko ɗaya kika gani, kada ki jira ranar da aka ba ku. Akwai na'urar taya numfashi da ake sa wa a fuska lokacin barci, ba tare da an huda wuya ba, ana ce mata BiPAP. Wani gwaji da aka yi a Newcastle ta Ingila, aka wallafa a 2006, ya nuna ta ƙara wa waɗanda maƙogwaronsu bai yi rauni sosai ba kusan wata 7, ta kuma gyara musu barci da jin daɗin rana. Babu ƙwayar magani da ta kai ta a wannan. In Yayanku na neman abin da zai sa kuɗinsa a kai, ga shi, tare da batirin ajiya saboda ɗaukewar wuta. Ina kuma gargaɗinki: kada wani ya kawo tukunyar iskar oksijin gida ya jona masa don an ga yana haki. Matsalarsa ba ƙarancin iska ba ce kawai, gurɓatacciyar iska ce ba ya iya fitarwa, kuma oksijin shi kaɗai ba da kulawar likita ba na iya zurfafa masa barci har ya wuce.

Sai haɗiya. Kin ce ruwa na ƙware shi. Abu mai tsinkewa ya fi mai kauri haɗari, don yana riga maƙogwaro rufewa ya faɗa huhu. Ki dama masa koko da kauri, fura a dama ta da nono sosai a tace gudaji, tuwon zafi mai laushi da miyar ayoyo ko kuɓewa don santsi ya taimaka. Ki bar gari busasshe, ƙanzo, da gujiya soyayya. Ya ci a zaune sosai, haɓa a ɗan sunkuye, loma ƙanana, ba hira, kuma kada ya kwanta sai bayan rabin awa. Kada kowa ya sa shi rage maiƙo. A wannan ciwo ramewa na gaggauta komai, don haka ki ƙara masa man ja, ƙwai, madara, da tunkuzar gujiya a cikin koko. In nauyinsa ya fara zubewa, ko cin abinci ya koma yana ɗaukar kusan awa, ki tayar da maganar robar ciyarwa da ake sawa ta ciki. Mutanenmu na tsoronta, suna ganin alamar ƙarshe ce. Gaskiyar ita ce an fi samun lafiyar sa ta tun numfashi bai faɗi ƙasa da rabi ba, kuma mai ita na iya ci gaba da ɗanɗana abin da yake so ta baki in likita ya yarda. Yawan dalalar yawu ma akwai magungunansa masu araha, ki faɗa wa likita.

Maganin da aka fi sani shi ne riluzol, wanda Amurka ta amince da shi a 1995, ƙwaya mai miligiram 50 safe da yamma. Ba ya dawo da abin da ya tafi, ba kuma za ki ga sauyi da ido ba. Gwaje-gwaje sun nuna yana ƙara watanni kaɗan. Yana taɓa hanta, don haka ana gwada jini kowane wata a watanni ukun farko. In kuɗi bai isa duka ba, ni a ganina numfashi da abinci da mai taya jinya sun riga shi. Ki kuma ja kunnen Yayanku game da masu tallar dashen ƙwayoyin halitta a intanet da sunan warkar da ALS. Suna karɓar dukiyar mutane, babu hujjar cewa yana warkarwa.

Komawa ga Gwaggo: kada ki yi faɗa da ita, ki ba ta aiki. Addu'a, sadaka, saukar Alƙur'ani, ruƙiyya da ayoyin Allah, duk ƙofarsu a buɗe take, kuma Baba zai ji sanyinsu. Iyakar da za ki kafa uku ce. Ba a ɗura masa wani jiƙo, don haɗiyarsa da hantarsa. Ko rubutu ne, a shafa masa ko a zuba kaɗan a koko mai kauri. Ba tsaga, ba ƙaho, ba hayaƙi a ɗaki a rufe. Ba kuma a ɗauke shi a kai shi wani ƙauye a ajiye nesa da asibiti. Abin da ya fi tayar min da hankali a maganar jifa shi ne, ba a cewa jifa sai an nemi majefi. Yau a zargi abokin sana'a, gobe kishiya, a wayi gari zumuncin da Baba ke matuƙar buƙata ya watse. Ki ɗauki Gwaggo ku je ganin likita tare, ta ji da kunnenta. Ki kuma kwantar wa gida hankali: ba a ɗaukar ciwon ta kwano ko ta taɓawa, kuma kusan tara cikin goma ba gadonsa suka yi ba. In dai an taɓa samun mai irinsa a dangin Baba, ko wanda hankalinsa ya juya tun bai tsufa ba, a faɗa wa likita.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ɓoye masa da kuka yi. Na san don tausayi ne. Amma 'yata, mutumin da almakashi ya faɗi daga hannunsa ya san ba gajiya ba ce. Ina jin tsoron yana shiru don kada ya tayar muku da hankali, ku ma kuna shiru don kada ku tayar masa, kowa na ɗauke da kayan shi kaɗai. Wannan ciwo na iya ɗauke murya, kuma ga wasu yana taɓa tunani da hali, har kusan rabin masu shi kan sami ɗan sauyi, kaɗan daga ciki mai tsanani. Magidanci ne, yana da bashin da ake binsa da wanda yake bi, yana da shago da yaran da ke koyon aiki, yana da wasiyyar da addini ya ce kada ya kwana biyu ba ta rubuce. Haƙƙinsa ne ya tsara waɗannan da bakinsa. Robar ciki da na'urar numfashi ma jikinsa ne, shi zai ce e ko a'a. Ba sai kin zube masa komai rana ɗaya ba. Ki zauna kusa da shi, ke da mahaifiyarku ko wani amininsa, ki ce: "Baba, likita ya yi mana bayani. Kana so ka ji duka, ko mu riƙe maka?" Ki bi abin da ya zaɓa. In kin ga ya fashe da kuka ko dariya ba dalili, kada a ce iska ce; yana cikin alamun ciwon, kuma akwai maganin da ke rage shi. Tun muryarsa na fita, ku ɗauki karatunsa da nasihohinsa a waya, ku kuma saba da allon haruffa ko alamar ido don ranar da za a buƙata.

In ya damu da salla, ki tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini: a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kan gefe. Alwala in ta gagara a taya shi ko ya yi taimama. Azumi kuwa, ga mai ciwon da rama ke cutar da shi kuma ba a sa ran warkewa, ku tambayi malamin unguwa hukuncin ciyarwa tun watan bai tsaya ba.

Ke ma kada ki karye. Nan gaba za a buƙaci ɗaga shi, juya shi cikin dare, kai shi bayi da yi masa wanka, kuma shi kansa zai fi sakewa in namiji ne ke yi masa wasu daga ciki. Ki ce wa Yayanku, maimakon kuɗi dunƙule na hoto, ya yanka wani abu duk wata don mai taya jinya. Ku nemi masu fisiyo su koya muku miƙar da gaɓoɓi a hankali don kada kafaɗa ta sandare, ba motsa jiki na gajiyarwa ba. Ku samo keken guragu mai majinginar kai kafin ya faɗi, ba bayan ya faɗi ba. Ku sabunta katin inshorar lafiyarsa, ku je ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumar Asokore Mampong ku yi rajistarsa cikin masu buƙata ta musamman, don akwai kason da doka ta ware musu daga asusun ƙananan hukumomi. Ki kuma tambayi likita ya haɗa ku da masu kula da sauƙaƙa wahalar ciwo mai tsanani tun yanzu. Ba sallamar mutum ake yi da zuwa wurinsu ba. Su ne suka san maganin haki, ɗaurewar jijiya da rashin barci.

A wannan makon, ki tattara takardun ki duba maganar hoton wuya da EMG, ki auna nauyin Baba, ki kira Yayanku ta bidiyo Gwaggo na zaune ki karanta musu wannan amsa. In kin koma asibiti, tambayarki ta farko ta zama ta gwajin numfashi. Ki rubuto min abin da aka samu. Allah ya ba Baba lafiya, ya ƙara miki ƙarfi.